Yadda ake kula da mafitsara da maganin gida idan fitsari ya fara zafi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk wadda ta taɓa tashi cikin dare sau biyar sau shida tana zagayawa banɗaki, ta tsuguna fitsarin ya fito ɗis ɗis kamar ana zuba mata barkono, ta dawo ta kwanta ko minti goma ba a yi ba ta sake jin marar ta cika, to ta san abin da nake nufi, ciwo ne da yake hana mutum sukuni kuma kunya ta hana shi faɗa. Ni kaina na sha fama da shi musamman lokacin zafin nan na Maris zuwa Mayu, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda muke yi a gidanmu tun daga kakata, tare da abin da na fahimta daga baya a wajen ma'aikatan lafiya, don wallahi akwai na gargajiyan da yake taimakawa akwai kuma wanda yake kashe ƙoda a banza.

Matakin farko, kuma shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa: ki gane wane irin ciwon fitsari ne yake damunki kafin ki ɗora tukunya. Mu dai komai sai mu ce "sanyi ne", ƙaiƙayi sanyi, ciwon mara sanyi, zafin fitsari sanyi, fitar ruwa sanyi, alhali cututtuka ne daban daban kowanne da maganinsa. Wanda maganin gida zai iya taimaka masa shi ne wanda ya fara yau ko jiya, zafi kaɗan wajen fitsari, yawan jin fitsari, nauyi a mara, fitsarin ya ɗan yi duhu ko wari, amma babu zazzaɓi babu amai kuma kina iya aikinki. Yawancin irin wannan ƙwayar cuta ce da take zaune a hanji da bayan gida ta samu hanya ta hau zuwa mafitsara, kuma dalilin da ya sa ya fi kama mata shi ne hanyar fitsarin mace gajeriya ce, kamar santimita 4 kawai, ta namiji kuwa ta kai wajen 20, kinga tafiyar ƙwayar cutar ba nisa.

Amma idan akwai zazzaɓi da rawar sanyi, ko ciwo a kwiɓi ta baya wajen ƙarshen haƙarƙari, ko amai, ko jini a fitsari, ko kina da ciki, ko kina da ciwon suga, ko ƙaramin yaro ne, ko namiji ne, ko tsoho ne da ya fara rikicewa, don Allah a ajiye maganar tafashe-tafashe a nufi asibiti ranar. Ciwon kwiɓi da zazzaɓi alama ce ta cewa abin ya wuce mafitsara ya hau ƙoda. Mai ciki kuwa ciwon fitsari yana iya jawo mata naƙuda kafin lokaci, shi ya sa ake gwada fitsari a wajen awo ko da ba ta jin komai. Namiji kuma idan yana ganin farin ruwa ko mugunya tana fita tare da zafin, wannan na saduwa ne, sai an yi masa magani shi da iyalinsa gaba ɗaya lokaci guda, in ba haka ba haka za su yi ta miƙa wa juna.

To idan kin tabbata naki mai sauƙin ne, mataki na biyu ruwa ne, zallan ruwa, kuma kar ki raina shi don shi ne rabin maganin. Abin da yake faruwa shi ne idan fitsari ya fara zafi sai mutum ya rage shan ruwa don tsoron zuwa banɗaki, sai fitsarin ya ƙara kauri ya ƙara zafi ƙwayoyin cutar su samu wurin zama su hayayyafa. Ki nemi lita 2 zuwa 3 a wuni, idan da ledar fiya wata kike lissafi kowace rabin lita ce, wato leda huɗu zuwa shida, kuma ba a zama ɗaya ba, ki rarraba daga asuba zuwa magariba, bayan isha ki rage don ki samu barci. Ma'aunin da ba ya ƙarya shi ne kalar fitsarin, idan ya yi fari-fari da ɗan ɗorawa kaɗan to ruwa ya isa, idan ya yi kamar shayin da aka manta a wuta to da saura. Lokacin azumi ki raba shi, kofi biyu da buɗa baki, kofi biyu bayan tarawihi, ɗaya kafin barci, biyu da sahur. Wanda likita ya ƙayyade masa ruwa saboda ciwon zuciya ko ƙoda shi kam ya bi maganar likitansa, wannan lissafin ba nasa ba ne.

Mataki na uku shi ne gemun masara, wannan zaren mai laushi da muke cirewa mu zubar idan za mu gasa ko mu dafa masara. Kakata ba ta taɓa bari a zubar da shi ba, da damina take tara shi ta shanya a inuwa cikin faifai ta ɗaure a tsumma mai tsabta ta rataye, ya kai ta har rani. Aikinsa shi ne yana ƙara yawan fitsari a hankali ba da ƙarfi ba, kuma ruwansa ba tsami ba yaji, baya ƙara wa mafitsara zafi. Ga yadda ake yi: ki samu cikin hannu ɗaya na ɗanye, ko cokali biyu manya idan busasshe ne, ki zaɓi mai haske na cikin ɓawon, ki yanke baƙin bakin nan da ya bushe a waje ki zubar, ki wanke shi sosai sau biyu ko uku. Ki zuba lita ɗaya na ruwa a tukunya mai tsabta wadda ba ta miya ba, idan ya tafasa ki saka gemun, ki rage wuta ya yi minti goma, ki sauke ki rufe ya ƙara minti goma sha biyar, sai ki tace da rariya ko tsumma. Kofi ɗaya da safe, ɗaya da rana, ɗaya da la'asar. Ba a sa suga, idan ɗanɗanon bai miki ba ƙaramin cokali na zuma ya isa. Na yau na yau ne, kar ki kwana da shi a zafin nan ki sha gobe.

Abu ɗaya da kakata ba ta yi fama da shi ba amma mu dole mu kula, tun da tsutsar masarar nan ta shigo ƙasar nan a 2016 manoma suna yawan fesa magani, wani har cikin kan masarar ake zubawa, don haka ki fi neman gemu daga gonar da kika san mai ita ko masarar bayan gida, kuma idan busasshen ya yi fumfuna ko warin danshi ki zubar kawai. Masu shan maganin hawan jini, musamman irin wanda yake sa yawan fitsari, da masu maganin suga da masu maganin tsinka jini, su tambayi likita tukuna don aikin zai iya haɗuwa ya yi yawa.

Idan ba lokacin masara ba ne kuma ba ki da busasshe, sha'ir yana nan a shagunan masu magungunan Musulunci da kasuwa, ki nemi tsabarsa ba garin ba. Rabin gwangwanin madara za ki wanke ki tsince tsakuwa, ki zuba lita ɗaya da rabi na ruwa, ki bar shi a wuta kaɗan-kaɗan minti talatin zuwa arba'in har tsabar ta fashe ruwan ya yi ɗan yauƙi fari, ki tace ki bar shi ya huce ki riƙa sha cikin wuni. Tsabar da ta rage kar ki zubar, ki sa a kunu ko fate. Gaskiyar magana ruwan sha'ir ba ya kashe ƙwayar cuta, abin da yake yi shi ne ya sa ki sha ruwa da yawa cikin daɗi ya tsinka fitsarin zafin ya ragu, kuma wannan ɗin ma ba ƙaramin abu ba ne ga mai kuka a banɗaki. Kankana da kokwamba ma haka, ki ci son ranki.

Yanzu zoɓo, don na san shi za a fara tambaya. Zoɓo yana da kyau, yana sa fitsari kuma an tabbatar yana ɗan sauke hawan jini, amma ni a ganina wurinsa shi ne kariya da bayan an samu sauƙi, ba ranar da zafin yake kan ganiyarsa ba, don tsaminsa wasu yana ƙara musu raɗaɗi, balle irin na sayarwa da aka cika wa suga da citta da kanumfari da filebo. Idan za ki yi na magani, cikin hannu ɗaya na busasshen zoɓo ki ɗauraye ƙurar, ki tafasa lita ɗaya na ruwa ki sauke sannan ki zuba shi ki rufe minti goma sha biyar ki tace, kofi ɗaya ko biyu a rana ba suga. Mai ciki ta haƙura da zoɓo mai kauri har ta haihu, mai ƙarancin bugun jini da take yawan jin jiri ita ma ta yi a hankali.

A kwanakin da ake jinyar nan akwai abubuwan da za ki ajiye gefe: shayi mai kauri, Nescafe, lemon kwalba, goro, yaji mai yawa da su lemun zaƙi masu tsami. Duk suna tsokanar mafitsara. Na san barin yaji a tuwo da wuya amma kwana uku ne.

Mataki na huɗu na waje ne. Ki zuba ruwan ɗumi a gora ki naɗe ta da tawul ki ɗora a mara minti goma sha biyar, yana sassauta murɗawar nan sosai. Sai zama a ruwan ɗumi, wanda iyayenmu suke yi da bagaruwa: ki samu 'ya'yan bagaruwa kamar guda biyar zuwa bakwai ki ɗan daddaka ki tafasa a ruwa lita biyu, ki tace sosai, ki sirka a baho mai tsabta har ya zama ɗumin da za ki iya yi wa jariri wanka da shi, ki zauna minti goma, sau ɗaya a rana, kwana biyu ko uku ya isa don idan ya yi yawa tana busar da fata. Zama kawai na ce, ba a tura ruwan ciki, ba a cusa komai. Wannan maganar ina yinta da ciwon zuciya don na san wata baiwar Allah da aka ba ta haɗin cusawa na kanwa da alif da wani gari wai na sanyi, ya ƙone mata jiki ta yi watanni tana jinya ga kunya ga kashe kuɗi, kuma zafin fitsarin da ta fara da shi yana nan bai tafi ba. Hanyar fitsari daban take da gaba, abin da kika cusa ba zai je mafitsara ba, sai dai ya kashe ƙwayoyin kirki da Allah ya halitta a wurin don kariya. Tafarnuwa ma a miya take da amfani.

Mataki na biyar shi ne lissafin kwana, kuma a nan nake so a riƙe maganata da kyau. Kwana biyu za ki ba maganin gida. Idan a cikin kwana biyun zafin yana raguwa, ki ci gaba da ruwa da gemun masarar zuwa kwana biyar ki tsaya. Idan bai ragu ba, ko ya ƙaru, ko zazzaɓi ya shigo ko da a daren farko ne, ki je a gwada fitsarin. Akwai gwajin da ake tsoma 'yar takarda a gani nan take, akwai kuma wanda ake shuka fitsarin a lab kwana biyu zuwa uku a ga wace ƙwaya ce kuma wane magani ne yake kashe ta, wannan na biyun shi ya fi ga wadda abin yake yawan dawo mata. Yadda ake ɗiban fitsarin ma da ƙa'ida, ki yi tsarki da ruwa, ki bar na farkon ya zuba, ki tari na tsakiya a robar da suka ba ki, a kai lab da wuri kar ya wuce awa ɗaya zuwa biyu. Kuma kar ki sha kafso kafin gwajin don zai ɓoye cutar. Wannan ɗabi'ar tamu ta zuwa kemis a ce a ba ni kafso na ɗari biyu a sha biyu a bari ita ce ta sa yanzu ƙwayoyin cutar nan ba sa jin magunguna da yawa, idan an rubuta miki na kwana biyar ko bakwai ki shanye ko da kin ji sauƙi a rana ta biyu, kuma ba laifi ki ci gaba da ruwan sha'ir ɗinki tare da shi.

Bari in yi maganar abubuwan da ba a sha, don sun fi waɗanda ake sha muhimmanci. Kanwa, ko ja ko ungurnu, mutane suna jiƙa ta su sha wai tana wanke mara. Gishiri ne a cikinta mai yawan gaske, tana ɗaga hawan jini tana tara ruwa a jiki tana wahalar da ƙoda da zuciya, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kunun kanwa da wankan jego mai zafi da ciwon zuciyar da yake kama masu jego. 'Yar wadda ake sa wa a miyar kuka ko wake daban, jiƙa ta a kofi a sha daban. Saiwar sanya da ake kira uwar magunguna tana da dafi, idan ta yi yawa tana kisa, ba abin da za a jiƙa a gora a yi ta kurɓa ba ne. Sai kuma jarkokin nan da ake yawo da su a mota da lasifika, maganin sanyi da basir da taifod da ƙarfin maza duk a gora ɗaya, ba suna ba lambar NAFDAC ba ma'auni, ba ka san me aka zuba ba, wani har da ƙwayoyin asibiti ake dakawa a ciki. Ƙoda ba ta ihu idan tana lalacewa, sai ta kusa gamawa ƙafa ta fara kumbura, kuma duk wanda ya taɓa raka ɗan uwa wankin ƙoda sau biyu ko uku a sati ya san abin da gida yake shiga. Idan za ki sayi ganye ko saiwa ki saye shi da siffarsa yadda za ki gane shi da idonki, abu ɗaya tak, kar ki karɓi garin da aka riga aka haɗa.

Fitsarin jini kuwa, musamman ga yara maza masu wanka a kududdufi da dam da masu aikin noman rani, wanda jinin yake zuwa a ƙarshen fitsari, yawanci tsargiya ce. A wasu ƙauyuka har ana ɗaukarta kamar alamar balaga, wallahi ba balaga ba ce, tsutsa ce da take fitowa daga ƙananan dodon koɗi na cikin ruwa ta huda fata ta je ta zauna a jijiyoyin mafitsara tana zuba ƙwai, kuma ta yi yawa a wuraren ban ruwa irin su Kadawa da Kura da kewayen Tiga da Bakolori da Goronyo. Babu gemun masarar da zai kashe ta. Maganinta praziquantel ne, ana auna shi da nauyin mutum ko tsawonsa, yawanci sha ɗaya ne, kuma ana raba shi kyauta a makarantu lokaci lokaci, idan an zo rabo ku bar yaranku su sha bayan sun ci abinci. Idan aka bar ta shekaru tana toshe hanyar ƙoda tana iya kaiwa ga kansar mafitsara. Babba kuma da ya ga jini a fitsari ko ba zafi, ko sau ɗaya ne, ya je a duba shi.

Iyayenmu maza da suka haura hamsin nasu daban ne, fitsari ya ƙi fita da ƙarfi, sai an yi yunƙuri, a gama a ji da saura, a tashi sau uku sau huɗu da dare, ɗigo ya ɓata wando ana shirin sallah. Wannan yawanci kumburin furostet ne, wani ƙullutu da yake zagaye da hanyar fitsari a ƙasan mafitsara. Abin gida da yake ɗan taimakawa shi ne 'ya'yan kabewa, a wanke a shanya a ɗan soya sama-sama ba mai ba gishiri a ɓare, kamar cokali ɗaya babba a cike kullum, a Jamus ma hukumarsu ta magungunan ganye ta daɗe da amincewa da giram 10 a rana ga mai matsalar a matakin farko. Yana rage damuwar ne, baya mayar da kumburin, kuma sai an yi makonni kafin a ga bambanci, don haka a fara zuwa a duba a tabbatar ba wani abu ne mai tsanani ba. Ranar da fitsari ya tsaya cak mara ta kumbura baba yana juyi, kar wanda ya ba shi zoɓo ko gemun masara ko wani jiƙo mai sa fitsari, ƙara ruwa ne a randar da bakinta yake toshe, a ɗauke shi a kai asibiti a sa masa roba a daren.

Haka 'yar uwar da fitsari yake zubo mata ba tsayawa dare da rana bayan doguwar naƙuda, wannan yoyon fitsari ne, huji ne ya samu mafitsara kuma ɗinki ne maganinsa, ana yi a Babbar Ruga a Katsina da Ningi a Bauchi da asibitin Murtala a Kano, a Nijar kuma akwai Danja kusa da Maraɗi. Kar a ɓoye ta a ɗaki ana ba ta jiƙe-jiƙe shekara da shekaru.

Mataki na ƙarshe shi ne hana shi dawowa, don wasu duk wata biyu sai ya zagayo. Kar ki riƙe fitsari, na san halin makaranta da kasuwa da doguwar tafiya a mota inda banɗakin ba ya shiguwa, amma ki yi ƙoƙari duk awa uku zuwa huɗu ki sauke, kuma ki zauna ki gama kar ki yi sauri. Wajen tsarki hannu ya tafi daga gaba zuwa baya, a gama da gaba kafin a taɓa baya, yara mata ma a koya musu haka tun suna ƙanana, kuma ruwa zalla ya isa ba sai da sabulu mai ƙamshi ko Dettol ba. Bayan kwanciyar aure ki tashi ki yi fitsari ko kaɗan ne kafin barci ya ɗauke ki, amare musamman, don yawancin zafin fitsarin satin farko daga nan yake. Wandon ciki na auduga, a shanya shi a rana ba a bayan ƙofar banɗaki ba, audugar al'ada a canza ta akai akai. Taurin bayan gida ma yana da hannu a ciki don hanji idan ya cika yana danne mafitsara ta kasa juye duka, to miyar kuka da kuɓewa da zogale da jiƙon tsamiya mara suga su yawaita a gidan.

Idan masara ta fito bana ki sa yara su tara miki gemun a faifai, a shanya a inuwa inda iska take kwana huɗu zuwa biyar ana juyawa har ya bushe ƙarau, a zuba a kwalba mai murfi a rubuta watan a jiki, a ajiye inda ba danshi ba rana. Idan ya shekara a zubar a tara sabo.